Shinkafar Kawu da Lissafin da Ya Ƙi Sauri

Mun tashi da asuba daga Gwadangaji, ni da abokin aikina, a keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Kuɗin motar Argungu ya sake tashi, direba ya ɗora laifin a kan mai, muka biya muna gunaguni.

Kawuna ne ya kira ni daga Argungu. Kogi na cika, shinkafarsa a fadama ba ta gama nuna ba. Ya yanke yanzu ya yi asarar auki, ko ya jira ruwa ya cinye duka? Ya san mun rubuta manhajar da ke hasashen inda ruwa zai kai, sai dai akwai ta da nawar aiki.

A mota abokina ya buɗe kwamfuta a cinya. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji, takan haɗa lissafe-lissafe masu maimaituwa ta yi su a tashi ɗaya. A wajen lissafin ruwan sama ta yarda, a wajen gudun ruwa ta ƙi. Sai ya sa mata layin umarni guda, cewa ta haɗa kawai, babu lissafin da ke jiran wani. Kafin mu wuce Zauro amsa ta fito: gonar Kawu ta tsira. Wallahi na ji daɗi.

Amma ina kallon fadama ta taga. Ruwa na cika fangali ɗaya, sannan ya tsallaka kunya ya shiga na gaba. Na ƙasa bai san rabonsa ba sai na sama ya cika. Umarnin nan ƙarya muka yi wa kwamfaila, ita kuwa ba ta musu da mai ita. Na ce wa abokina ya cire, ya sa wanda ke hana ta haɗawa a wurin. Ya cire yana tsaki.

A Argungu muka jona caji a shagon wani ɗan kudu da ya fi ni Sakkwatanci. Muka ci tuwon shinkafa da kifi, albasa kuwa ta yi tsadar da mai tuwo ke yanka ta kamar tana jin tausayinta. Inji na ta jan ƙafa har azahar, sannan sabuwar amsa ta fito: ruwa zai shiga gonar Kawu.

Kawu ya iso da laka a ƙafa. "To ɗana, mi injin naka yac ce?"

Na so in ba shi amsar safe. Na ce, "Kawu, a yanke."

Sai ya tafi neman masu lauje.

Mun dawo gida da magariba, raina ba daɗi. Na koyi cewa idan kwamfaila ta ƙi sauri, in fara tambayar dalili kafin in tilasta mata. Bayan kwanaki Kawu ya kira: ruwa ya shiga gonar har gwiwa, bai tarar da komai ba sai kututture.