Yoyon Matsarmama da Haƙurin Yaya Hamisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hamisu, manomin gyaɗa a Karare. Wata Laraba bayan La'asar ya cika, ni da matarsa muna zaune a kansa.

Tiyata aka yi masa aka cire matsarmama, aka sallamo shi. Ashe inda aka ɗaure yana yoyo, ruwan ɗacin nan yana taruwa a cikinsa. Masu dubiya suka yi ta zuwa daga Batsari da Wagini, duk wanda ya tambayi jiki sai ya ce da sauƙi. Likita ya bugo waya, shi ma amsar da ya samu ke nan. Da na ga cikin ya ɗaga, na ce, "Yaya, ina sauƙin yake?"

Da yake a gidan rediyo nake aiki, sai ya ce, "Kai ɗan rediyo, so kake in kai ƙarar Ubangiji a gaban baƙi?"

Shi ne fa mai feɗe mana ragon Layya, wanda ba ya barin kowa ya kusanci matsarmama don kada ta fashe ta ɓata hanta. Kafin a mayar da shi asibiti, ciwon ya shiga jini.

Bara aka yi wa 'yarsa Rakiya, da ke aure a Babban Duhu, irin aikin. Na je dubiya, ta ce, "Da sauƙi, Baba."

Na ce, "Ba gaisuwa na zo yi ba. Nuna min inda ke ciwo."

Na mayar da ita asibiti. Hoton farko ya nuna ruwa a cikinta, amma bai faɗi ko na mene ne ba. Likita ya tura mu wani asibitin koyarwa mai nisa, inda ake hoton nukiliya. Ana zuba ɗan sinadari ta jijiya, hanta ta tace shi, ya bi ruwan matsarmama, na'ura tana bin sawunsa. A gabana likitar wurin ta nuna inda ya saki hanya ya taru a gefe.

Da Yaya yana raye, na san zai yi dariya ya ce an ƙera injin da ba ya jin kunya. Ban raina haƙurinsa ba, da shi ya riƙe gidanmu. Amma na ƙudura cewa a zuriyarmu, baƙo ya ji "da sauƙi", likita kuwa a faɗa masa gaskiya.

An saka wa Rakiya siririn bututu ta baki har zuwa inda ke yoyon, sai ya tsaya. Bana ita ta kawo mana ƙuli-ƙuli daga gyaɗar gonar mahaifinta.