Gungumen da Adum ya kawo daga Kamaru

Har yau ban manta da wata Talata a farkon damina ba, shekarata ta huɗu ina aikin duba lamba a filin katakonmu na unguwar Chagoua. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, bari in fara da yadda tsarin yake.

Gumaguman da muke tsagawa daga dazukan kudancin Kamaru suke zuwa. Kowane gungume yana da lamba da aka rubuta da fenti a bakinsa, lambar nan kuma tana cikin takardar da direba ke riƙe da ita. Da ita ake gane yankin da aka sare bishiyar, da ko kaurinta ya kai a sare ta. Akwai kuma manyan bishiyoyi da ake zagaya wa shuɗin fenti a gindi, mu muna ce musu uwar iri. Su ba a taɓa su, don 'ya'yansu ne za su maye gurbin waɗanda aka sare. Aikina in haɗa lamba da takarda, in sa hannu, in kai wa shef, wato shugaban fili, Malam Isa. Sai ya amince ake saukewa.

Ran nan da hantsi Adum ya shigo da tirela ɗauke da gumaguman sapeli guda biyar, jan katakon nan da ake ƙofofi da shi, uku a ƙasa, biyu a sama. Adum dattijon direba ne, mutumin unguwar Gardolé, ya girme ni nesa. Lambobi duk sun yi daidai. Amma a cikin na sama akwai wani mai kauri da na ga an kankare ɓawonsa da adda ta wajen gindi, aka kuma juya wurin ya kalli ƙasa.

Na ce, "Baba Adum, me ya sami wannan?"

Ya ce, "Hanya ce, Malam Habu." Bai dube ni ba.

Dokar fili ita ce ba mai hawa mota in an sassauta sarƙar da ta ɗaure gumaguman. Ban tambaya ba. Ashe lebura sun riga sun kwance biyu ta ɗaya gefen. Na hau, na zura jikina cikin kwarin da ke tsakanin gumaguman ƙasa don in leƙa.

Sai na ji ƙara kamar an ja ƙofar ƙarfe. Gungumen ya mirgino a hankali, ya rufe ni. Abin da ya tsayar da shi ƙarfen gefen mota ne guda ɗaya, ina kuma jin ƙarfen yana kuka yana lanƙwashewa. Ina kwance rigingine, tsakanin ƙirjina da itacen bai fi tafin hannu ba. Ƙafata ta hagu ta maƙale. Ɓawo na zubo mini a ido. Na so in yi salati, bakina ya bushe, sai a zuci na yi. Kuma ga shi nan daidai fuskata, a cikin tsagar ɓawon da adda ba ta kai ba, shuɗin fenti.

A waje ihu ake yi. Na ji mai injin ɗaga kaya ya tayar da inji, motar ta fara rawa, itacen ya ƙara saukowa har ya taɓa maɓallin rigata. Nan na sallama. Sai muryar Adum ta fi ta kowa: "Kashe! Kashe injin nan! Kada wanda ya taɓa motar!"

Ya sunkuyo ta bakin ramin. "Malam Habu, kana ji na? Kada ka motsa, ko tari kada ka yi."

Shi da kansa ya ɗauki sarƙa ya shiga gefen da gungumen zai faɗo in ƙarfen ya karye. Ina jin ƙarar sarƙar tana bin itacen, ina jin numfashinsa. Ya ɗaure, ya ja, ya sa aka cusa guntayen katako a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Aka jawo ni ta hammata, takalmina ya tsaya a ciki. Sun ce abin bai kai rabin awa ba. Ni ban yarda ba har gobe.

Bayan azahar ina zaune a biro, wato ofis, ƙafa a ɗaure, takardar tana gabana. Na san in na rubuta abin da na gani za a ƙi kayan, masu saran kuma za su ce Adum ne ya tona su, su raba shi da hanyar. Sai ga Adum ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Sai ya ce, "Tun a daji na gaya musu. Suka ce aikina tuƙi ne." Ya gyara rawaninsa. "Kalas, shi ke nan. Yi aikinka."

Na rubuta. Malam Isa ya karanta, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce da idona na gani, kuma ba daga nesa ba. Kamfani ya daina sayen kayan mutanen nan. Ni aka ba ni takardar gargaɗi saboda karya dokar sarƙa, kuma na cancanta. Adum ya rasa hanyar daji, ya koma jigilar siminti. Muna gaisawa in mun haɗu a masallacin Juma'a, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ne nake kasa haɗa ido da shi.

Abin da na koya, na farko, ku tambayi halin sarƙa da bakinku kafin ku ɗora ƙafa a mota. Na biyu, yawancinmu ba mu taɓa ganin dajin nan ba, amma sa hannunmu a nan yana cikin abin da ke tsare shi. Kuma in kun ƙi kaya, ku sani sau da yawa wanda zai ji a jikinsa ba shi ya riƙe zarto ba. Ku ƙi kayan, amma ku ba direban kujera da ruwa, ku yi masa magana da ladabi.