Bunu da Shinkafar Jawa

Duk wanda ya san kasuwar Haɗeja a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ya san Alhaji Bunu mai bandar kifi, mutumin nan da ko biki ake ba ya cin shinkafa. Wasu su ce ciwo ne, wasu su ce tsurfa ce ta mutanen Makka. Duk shaci-faɗi ne, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi.

Babarbare ne, gonar gidansu tana fadama wajen Kirikasamma. Da ƙafa ya tafi hajji yana saurayi, guzuri ya ƙare, ya zauna a Makka yana ɗibar ruwa a wani masauki na alhazan Jawa, mutanen ƙasar da ake kira Indunusiya. A nan ya haɗu da Sakinatu. Ita da mahaifinta suka zo, uban ya rasu bayan Arfa, ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita har jirgin ruwansu ya tashi ya bar ta. Mai masaukin ya ɗaura musu aure. Bunu kuwa, bakin saurayi ba linzami, ya rantse mata wata rana zai kai ta gida. Shekara guda bayan ƙasar nan ta samu 'yancin kai suka iso Haɗeja, kayanta duka bai wuce ƙullin zane ba, a ciki da 'yan zangarniyoyin shinkafa da ubanta ya ɗauko daga gonarsu don tabarruki.

Mata suka yi ta tururuwar zuwa kallo. Da aka ce musu 'yar Jawa ce sai dariya, wai ashe atamfar nan da ake kira Jaba gari ne da ita. Sakinatu ba ta yi fushi ba. Da kwaɓaɓɓiyar Hausarta ta gaya musu a garinsu mata ne suke zana irin wannan zane da kakin zuma kafin a rina. Ta ce ƙasarsu tsibirai ce rututu a cikin teku, akwai duwatsu masu aman wuta, ruwan sama ba ya yi musu rowa, ɓauna ce take huɗa, kuma ganga ake bugawa a masallaci kafin ladan ya kira salla. Kowane tsibiri da yarensa, amma akwai harshe guda da ya haɗa su, kamar yadda Hausa ta haɗa Babade da Bafulatani a kasuwa. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne shinkafa suna uku gare ta a can: tana gona padi, an surfe ta beras, an dafa nasi. Gumsu, yayar Bunu, ta riƙe baki ta ce mutanen da suka yi wa abinci suna uku ai ba a zama da su da yunwa.

Mu nan yafa iri muke yi a fadama, mu koma gida mu jira kogi ya kawo. Sakinatu ta ce ita ba a jefar da shinkafa kamar tsakuwa. Ta reni irin nan na ubanta a ɗan fili bayan ɗaki, kaɗan ne ma suka tsiro, ta kai bakin fadama ta ɗaga kunya ta tare ruwa, ta dasa ɗaya bayan ɗaya tana ja da baya cikin taɓo. Gari ya ɗauka, wai matar Alhaji guda tana tsamo-tsamo a laka. Bunu ya ji kunya ƙwarai, amma da kaka ta yi, ƙamshin abin da ta dafa har maƙwabta sai da suka leƙo.

Ba ta yarda lauje ya taɓa ta. Wata 'yar wuƙa take ɓoyewa a tafin hannu, ta yanki zangarniya ɗaya-ɗaya, wai kada shinkafar ta firgita. Waɗanda ta fara yanka kuwa sai ta ɗaure su dami, ta naɗe da zanen uwarta, ta rataye a ɗaki. Wannan ita ce amarya, in ji ta, ba a cin ta, ita ce irin baɗi. Nan ne Bunu ya ji tsoro. Yana gudun a ce matarsa tsafi take yi, sai ya hana ta faɗa wa kowa, shi ma ya kama bakinsa. Ko Gumsu da suke katanga ɗaya ba ta san abin da ke cikin zanen nan ba.

Shekaru suka ja. Haihuwa ta zo sau biyu, ba wanda ya tsaya. Maganar kai ta gida kuwa, bana sai baɗi, baɗi sai kifi ya yi kuɗi, har ta daina tambaya. Wallahi shirun nan ya fi cin Bunu fiye da a ce ta zage shi. In kewa ta dame ta sai ta zauna ƙarƙashin damin tana yi masa magana da yarensu, don duk faɗin ƙasar Haɗeja ba mai amsa mata.

Sai babban farin nan ya zo. Kogi ya ƙi cika, fadama ta tsage, shekarar ba ta yi dashe ba. Suka ci tafasa, suka ci dusa, Sakinatu ta rame har zobe yana zame mata, amma ba ta kalli damin da idon yunwa ba. Da rani tari ya kwantar da ita. Ta kira shi yadda ta saba, da lafazin girmamawa na garinsu.

"Mas Bunu, ba ka kai ni ba, na yafe. Amma in ruwa ya sauka ka dasa amaryar nan. In ta ƙare, ba sauran wanda ya san na zo duniya."

Ya ce ya ɗauka. A zuciyarsa ya ce wannan alkawarin kam ba zai bi sahun na farko ba.

Ranar sadakar bakwai ɗin rasuwarta baƙi suka zo daga Jahun da Kafin Hausa, Bunu yana zaure yana amsa gaisuwa, yana tunanin da me za a tare su, rumbu ba ko ƙwaya. Sai ga akussa ana shigowa da su. Da aka buɗe na farko ƙamshi ya cika zauren, liman har yana cewa rabonsa da irin wannan tuwo tun kafin fari. Bunu ya san ƙamshin nan kamar yadda ya san muryar matarsa. Ya tashi ba takalmi ya shiga cikin gida, ya tarar da zanen a ninke a kan gado. Gumsu ta taso daga murhu fuskarta wasai.

"Ka gani, Bunu? Allah Ya ji ƙan Hajiya, ashe ta ɓoye mana abin fita kunya. Tun shekaranjiya na turara ta na shanya."

Me zai ce mata? Matar da ta kwana biyu a kan turmi don kada a ce gidan ƙaninta ba a ci komai ba? Shi ne ya ɓoye, shi ne ya ji kunyar mutane. Ya tsuguna a gindin turmi ya yi ta tonon ƙaiƙayi, ya samu 'yan ƙwayoyi da ɓawonsu. Shi manomi ne, ya sani sarai abin da ya sha tururi ba ya tsira. Duk da haka da damina ta faɗi ya shuka su a bayan ɗaki, yana ba su ruwa har gero ya fitar da kai, ƙasar nan ba ta ko motsa ba.

Ya bar noma ya koma banda. Bayan 'yan shekaru, da jirgin sama ya zama na kowa, 'ya'yan Gumsu suka ce za su biya masa kujerar Makka, can zai ga mutanen Jawa ya gaisa da su. Ya ce su bar shi. In suka tambaye shi ina 'yarsu da abin da ta zo da shi, ba shi da amsar da zai ba su.