Layin da Na Cire Yayana

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata, bayan Baba ya dawo daga sallar la'asar, na yi kuskuren da har yau yake bina. Lokacin ina ɗaliba a Jidda, shekarata goma sha bakwai, ba na son magana, ba na son tabon tawada a littafina. Mu Hausawan Sudan ne. Yaƙin kudu ne ya kore mu daga gonarmu, muka tsallako teku muka zauna a unguwar Mahjar ta Jidda.

Da yaƙin ya lafa, wani alhaji ya kawo mana takarda daga wata hukumar agaji ta Turawa. Za a raba sabbin gonaki a bakin ruwa ga waɗanda suka gudu, a kuma mayar da su gida. Ni kaɗai ke karanta Turanci a gidanmu, don haka Baba ya miƙo mini ita, ya ce in rubuta 'ya'yansa uku. Takardar kuwa layi biyu gare ta: na 'ya'yan ciki, da na sauran mazauna gida. Na taɓa jin Inna tana faɗa wa maƙwabciya cewa Yaya, babban wanmu, tsintarsa suka yi a bakin kogi ranar wata tarzoma, yana rarrafe, ba uwa ba uba. A gidanmu ba a taɓa furta wannan ba. Amma na ji tsoron rubuta wa hukuma abin da ba daidai ba, sai na sa shi a layi na biyu. Baba ya dangwala yatsa bai sani ba.

Yaya ne mai son gonar. Dako yake yi a tashar jirgin ruwa, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum yana kauce wa 'yan sanda. Har irin dawa ya saya ya ƙulle a tsumma. Bayan watanni amsa ta zo: an ba Baba gona, amma mutumin layi na biyu sai ya kawo shaidar garinsu da sunan mahaifinsa. Ina zai samo su? Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce halas, shi ke nan, ba zai taka ƙasar da ba a lissafa ɗansa a cikinta ba. Bai tambaye ni komai ba. Gonar ta koma hannun wasu.

Daga ranar na kasa haɗa ido da Yaya. In zan ba shi abinci, ajiyewa nake in wuce. Na koyi cewa layin takarda bai san yadda gida yake ba. Duk wanda aka ba alƙalami don shi ne mai karatu, ina roƙonsa ya karanta wa masu takardar abin da ya rubuta kafin su sa hannu.

Sai bayan rasuwar Baba na iya faɗa wa Yaya abin da na yi, na nemi gafara. Ya ce tun a makon farko wani magatakarda ya karanta masa komai. Na tambaye shi me ya hana shi magana duk shekarun nan.

Ya ce, "Gona ai na manta da ita tuntuni, ƙanwata. Jira nake ki sake ce mini Yaya kina kallon fuskata."