Hannun Kawu kawai na samu

"Ɗauki kifi, ni ka ƙyale ni," in ji Kawu Sale, yana rufe fuska da rawani.

Muna bakin teku ta wajen Ruwais, nan ƙasar Larabawa, ina gwada sabuwar kyamarata wadda ruwa ba ya ɓatawa.

Na ce, "Haba Kawu, hoto ɗaya fa!"

Ya ce, "Marar iƙama, wanda ba shi da takardar zama a ƙasar nan, ba ya barin fuskarsa ta yi yawo. Halas, magana ta ƙare."

Na yi dariya, na koma kan kifi.

Yanzu ga shi Allah ya yi wa Kawu rasuwa, jiya muka rufe shi. Yau 'yarsa, wadda ya baro a Kano tana goye, ta kira ni tana roƙon hotonsa. Na duba kyamarar kaf. Kifi ne da ruwa, sai hannunsa riƙe da ƙugiya.

Jama'a, hannun zan tura mata?