Gugana a hannun Saratu

Jiya na tarar da Saratu tsaye a bakin rijiya, tulunta babu ruwa. Kirista ce, 'yan bindiga suka koro su daga Tafoki. Wai matan unguwa sun hana ta guga, kada ta ɓata musu ruwan alwala.

"Hajiya," ta ce, "a coci an koya mana Allah ya halicci ruwa tun kafin mutum. Ware wa wasu ya yi?"

Na ce, "Mu ma a makarantar allo ba a ce ya ware ba. Ungo."

Da ruwan da ta jawo na yi alwalar la'asar a gaban kowa. Gobe ma tare za mu.

Mai hujjar cewa na yi kuskure, ina saurare.