Tankin da ke Jikin Tanderun Osman

Mma Abibatu 'yar Bawku ce, aure ya kai ta Yendi, cinikin doya ya ajiye ta a Salaga. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ta gina tankunan siminti uku a bayan gida ta shiga kiwon karfasa. Tausayi gare ta har ya yi yawa. Rana na ɗagawa za ta rufe 'ya'yan kifin da zana, ta riƙa zuba musu ruwan randa, wai kada su wahala.

Shekara biyu kifin na ci suna hayayyafa, amma ba wanda ya wuce tafin hannu. Ɗanta Faruq ya ce in bana ma haka ne, zai zo ya kwashe ta zuwa Bawku ta huta. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar barin gidanta.

Ana cikin haka Osman, maƙwabcinta mai burodi, ya gina tanderu jingine da tanki na uku, daidai lokacin da ƙwai suka ƙyanƙyashe a ciki. Ruwan ya koma kullum da ɗumi. Ta fid da rai da tankin, abinci kawai take watsawa ta wuce. Wata biyar tana mita, har bawan Allah ya gaji ya ce zai rushe tanderun.

Ranar da ya sa, sai ga Hikmat, malamar gona daga Yendi, ta zo duba kiwon. Ta jefa raga a na ukun, ta ɗago kifaye jibga-jibga.

"Mma, kusan duka maza ne," in ji ta. "Ɗan karfasa in ya sha ɗumi a makonnin farko, galibi namiji yake zama, kuma shi ke girma. Macen kuwa ƙwai take riƙewa a baki, ba ta ci."

"To, zanar da nake rufa musu fa?"

"Ita ta tara miki mata."

Kunya da murna suka kama Mma Abibatu lokaci guda. Ta cika daro da manyan, ta zagaya. Ta tarar Osman har ya cire bulo huɗu.

"Mma, yi haƙuri, kafin la'asar na gama."

"Mayar da su, ɗana. Gidana ka tsare mini ina zaginka."

Ta dire daron a gabansa, ta tsaya tana miƙa masa bulon ɗaya bayan ɗaya, tana sa masa albarka.